Kwaltar Tsakar Gidan Shomari

Shekara goma sha tara Shomari yana zuba kwalta a titunan birnin Tanga. Ya san aikinsa: a gasa tsakuwa da yashi, a kwaɓa da baƙin man da ya narke a ganga, a shimfiɗa da zafinta, a danne. In ta huce, ko ɗigon ruwa ba ya ratsa ta. Da damina ta mai da tsakar gidansa taɓo, sai ya malale ta da kwalta, har gindin tsohuwar kukar bayan madafa.

Kwana uku bayan nan, gab da almuru, matarsa Zuhura tana tuƙa ugali, tuwon masararsu, wani abu ya faɗo kan rufin kwano. Kaji suka yi tsit. Wani ya sake faɗowa, cikin tukunya. Tsakuwa ce baƙa, tana hayaƙi.

"Baban Mwanahawa," ta ce da raɗa, "wa ke dafa kwalta yanzu?"

Shomari ya leƙo. 'Yarsu Mwanahawa na tsaye gindin kuka, idanu a kafe, tana jan numfashi kamar wadda aka shaƙe. Ya kira ta sau uku. Ba ta waiwayo ba.

Aka ɗauko Malam Athumani, limamin unguwa. Ya daɗe yana karatu a kanta kafin bakinta ya buɗe, da muryar tsohuwa.

"Kun toshe mana ƙofa. Kwana uku 'ya'yana ba su shaƙi iska ba. Zan tafi da tasa."

"Ba taki ba ce," in ji Malam. "Bai san kuna nan ba."

"Ya yi sallama kafin ya zuba mana wuta?"

Shomari ya sunkuyar da kai.

"In an buɗe, za ki sake ta?" in ji Malam.

"Da hannunsa. Kafin jan sama ya ɓace."

Shomari ya ɗauki diga. Kwaltar da yake alfahari da ita ta ƙi fasuwa. Yana sara, numfashin yarinyar na ƙara tsinkewa, tafukansa suka fashe da jini, Zuhura na salati. Saura ɗan zaren ja a yamma kwaltar ta tsage.

Iska mai sanyi ta huro daga ƙasa, da kukan jarirai, can nesa.

Mwanahawa ta zube jikin uwarta, ta ja numfashi mai tsawo.

"Baba," ta ce da muryarta, "me ya sami hannunka?"