Tattalin Yusha'u

"Yusha'u, don girman Allah yau ma da jakar buhun nan ka zo?"

Ya dubi jakar da ke hannunsa, wadda ya ɗinka da tsohon buhun shinkafa, ya yi murmushi. "Tumatir ne da alayyafo na tsinko wa Inna. Me jakar ta yi miki, sanyin idona?"

"Ba leda ne a Kontagora?"

"Akwai. Gobe kuma ta toshe kwata, ko akuyar wani ta haɗiye."

Na zauna a bakin tabarmar zaurenmu, hawaye na neman zubo mini. Yusha'u malamin firamare ne, kuma tun da na san so ban taɓa son wani kamarsa ba. Iyayensa maza sun riga sun kawo gaisuwa wurin Baffa Mahmudu, ƙanin marigayi babana, sa rana kaɗai ya rage.

"Inna ta ce wa Baffa a dakata," na faɗa a hankali.

Murmushinsa ya ɗauke. "A dakata? Laifin me na yi?"

"A gidan biki aka ba ta labarinka. Wai da kwanonka kake zuwa sayen ƙosai. Wai har ruwan wanke-wanke ba ka bari a zubar. Ta ce rowa ce, ba za ta ba marowaci 'yarta ba!"

Ya juyo ya dube ni. "Ke fa, Aminat? Me zuciyarki ta ce?"

"Ban sani ba... Ka yi ta sayo mata kaya a leda mana kamar kowa, har a ɗaura auren."

"In yi mata ƙarya da halina? Ba zan shigo gidanku da fuskar aro ba."

Ya ajiye jakar a gabana, ya yi sallama ya fita. Ban raka shi ba.

Washegari a kemis ɗin da muke aiki, ƙawata Jemimah ta ga idanuna a kumbure. 'Yar Rijau ce, kuma katanga ɗaya ta raba gidansu da na su Yusha'u. Da na ba ta labari sai ta ce, "Ke kin taɓa shiga gidan? Idan mun tashi ki biyo ni, lokacin yana wurin darasin yamma."

Gidan ƙarami ne, a share tas. Jikin katanga buhuna ne a jere cike da ƙasa, tumatir da attarugu sun yi jajur a ciki. Daga wurin wanke-wanke an ja 'yar hanyar ruwa har gindin ayaba. Ɓawon doya da dusa na gaban kaji. A madafi akwai murhun laka mai ƙaramin baki, itace biyu kacal a ciki, tukunya kuwa sai tafasa take.

Goggo, mahaifiyar Yusha'u, tana zaune a inuwa. Na durƙusa na gaishe ta, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Lale da 'yata!" ta ce. "Kallon murhun kike? Hayaƙi ne ya kusa kai ni lahira, tari dare da rana. Yaron nan ya kwaɓa laka ya gina mini wannan. Kuɗin da a da muke zubarwa a itace da cefane, yanzu shi ke saya mini maganin ƙirji, ko fashi ba na yi."

Muna cikin magana Jemimah ta ɗauki roba ta shiga tsinkar attarugu, ba ta tambayi kowa ba.

"Ki haɗa da tumatir, kada ki je ki yi wa mamanki farar miya!" Goggo ta ɗaga murya.

Aka zubo mini shinkafa da wake har da tozo. Na ce na ƙoshi, Goggo ta ce ba ta san wannan zance ba, ta ƙara mini.

Da na koma gida na sami Inna Kulu, mahaifiyata, tana tsince wake a tsakar gida. Na zayyana mata duk abin da na gani. Ba ta ɗago kai ba har na gama.

"Auta," ta ce, "akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Babanki, Allah ya jiƙansa, shi ma tattali yake kiran abin."

Na matso kusa da ita.

"Lokacin muna garin Beri rumbunmu cike yake, amma makulli na aljihunsa. Da hannunsa yake auna mini dawa. In na zubar da ko gari ne, ranar ba zaman lafiya. Ina goyonki na sha kwana da yunwa, ina ba ki nono jiri na ɗibata. Ban gaya wa kowa ba, don kada ku tsani ubanku." Ta ture faifan waken gefe. "Yanzu ki ce in ɗauke ki da hannuna in kai ki irin wannan gida?"

Na faɗa jikinta muka yi kuka tare. Mutumin da nake yi wa addu'a kullum, ashe haka ya yi wa matar da ta fi kowa sona. Na tambayi kaina, yaya ake gane irin wannan hali tun kafin aure? Ai Baba ma da fara'a ya zo mata.

"Inna, in kin ce in bar shi, zan bar shi," na ce. "Amma ki tambaye shi da bakinki. Sau ɗaya kawai."

"Ni in zauna da suruki? Ina kunya?"

"Kunyar ce ta sa kika yi shiru a Beri, Inna."

Ta dube ni har na tsorata. Can ta ce, "Ki ce ya zo ranar Juma'a."

Bayan an sauko daga masallaci ya zo, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninsu. Ni ina rakuɓe a bayan ƙyauren madafi.

"Yusha'u, tambaya ɗaya zan yi maka. 'Yata ba ta iya tattali ba. Ran da ta ƙona tuwo, ko ta kifar da tukunya, me za ka yi mata?"

"Inna, in tuwo ya ƙone mun samu ƙanzo. In ya zube, kaji sun samu rabo." Sai ya ƙara da cewa, "Ba zan ɓoye miki ba, ɓarna tana yi mini ciwo, wani lokaci har nakan cika magana a kai. Goggo takan kwaɓe ni, ita ma Aminat ta kwaɓe ni. Amma don a ci nake adanawa. Duk abin da ya shigo gidana, a hannunta zai zauna. In ta taɓa kwana da yunwa alhali ina da shi, kada ki yafe mini, Inna."

Sai na ji Inna tana jan hanci a bayan labule.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Ka gaya wa iyayenka su je wurin Baffanta su tsayar da rana."

Yusha'u ya kifa goshinsa a kan hannunsa, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na toshe bakina da mayafi don kada kukana ya fito.

"Auta!" Inna ta ƙwala kira. "Na san kina nan kina laɓe. Tashi ki dama wa yaron nan fura. Ki cika kwanon har baki, ki sa nono da yawa!"