Tsohon da Ya Tsaya a Hanyar Haske

Wata uku ina fama da wani ƙanƙanin lu'ulu'u a ɗakin gwajinmu na Daura, ina auna saurin da yake buɗe wa siririn jan hasken na'urar leza hanya ya rufe. Gobe zan miƙa aikin, sai daren nan awon ya fara fita.

Kawai wani tsoho ya shigo babu sallama, yana warin danshi, ya tsaya daidai kan hanyar hasken.

"Haba Baba! Matsa mana! Wallahi ka kashe mini aiki!"

"Ke kika tare hanya, yarinya. Nan muke bi tun ba a haifi kakanki ba."

Raina a ɓace na duba kwamfuta. Awon bai tsaya ba. Jan hasken ya shiga ta ƙirjinsa, ya fito ta bayansa.