Ranar da Tsanin Etaj Ya Ɓace

Ƙarfe biyu da rabi na ranar Talata, Sufeto Rabo yana zaune a kwamisariya, ofishin 'yan sandan Madawa, ya tuɓe takalma yana fifita da wata tsohuwar takarda, sai ga Alhaji Tukur ya shigo, rawani a hannu, zufa har gemu. Ko zama bai yi ba ya ce an yi sata a Etaj.

A shekarar 1966 gida ɗaya tak ake kira da wannan suna duk faɗin Madawa. Alhaji Tukur ya kai albasa Abijan, ya ga gidaje kan gidaje, ya dawo ya rantse sai ya yi irinsu. Ya kuwa yi: bene hawa uku, ɗaki goma sha takwas, cike da 'yan haya. Na ƙasa suna kukan ruwan wanki da ɓawon albasa da ke sauko musu, na sama suna kukan hayaƙi da ke hau musu, na tsakiya kuma suna shan duka biyun. Matakalar siminti a hawan tsakiya ta tsaya, don siminti ya ƙare. Daga nan zuwa sama sai Alhaji ya jingina wani dogon tsani na giginya, ya ce na sati biyu ne. Shekara huɗu ke nan.

"Mi aka sace?" in ji Rabo.

"Tsani."

"Tsani kawai, Alhaji?"

"Ranka ya daɗe, mutum uku na sama."

Rabo ya sa takalmansa.

Ya tarar da rabin gari a ƙofar gidan, kowa ya ɗaga kai. Can sama kawuna uku sun leƙo ta katanga. Mushe Takawa, wato Malam Takawa da Faransanci, mai koyarwa a lakwal, makarantar boko, mutum mai ƙiba, yana sanar da duniya da Faransanci da Hausa cewa ɗalibai saba'in na jiransa. Kusa da shi Isaka ne, wani siririn akawu na biro, wato ofishin gwamnati. Ta ukun ita ce Zalika ungozoma, riƙe da jakar aikinta.

Wani manomi yana tsaye a gindin bango, hularsa a hannu. Tun safe ya kawo matarsa asibiti a kan jaki, naƙuda ta yi tsanani, an ce masa sai Madam Zalika. Da Rabo ya ji haka, dariyar da yake riƙewa tun daga kwamisariya ta tafi.

An riga an kawo tsanin rumbu har uku, babu wanda ya kai ko rabi. Magini mai dogon tsani kuma ya tafi garin Buza da abinsa. Rabo ya duba, ya ga ƙarfen da Alhaji ya kafa a saman katanga don jan ruwa, da igiyarsa ta rijiya. Ya sa aka kwance guga, aka ɗaura guntun katako, maza huɗu suka riƙe igiya daga ƙasa.

Zalika ta ce ba za ta sauko ba muddin akwai namiji ɗaya da ke kallon sama. Rabo ya ba da umarni, duk mazan Madawa suka dubi yatsun ƙafarsu, har da masu jan igiya, har da shi kansa. Mata ne suka riƙa cewa a sassauta, a tsaya, a ƙara. Haka ta sauko, ta gyara ɗankwalinta kamar daga mota ta fito.

Rabo ya bi ta da sauri zuwa ƙofa. Ta ce ita ce ta ƙarshen hawa, ƙarfe sha biyu da rabi, tsani na nan lafiya lau. Ta kwanta, keken ɗinkin Ali tela da ke ƙarƙashin ɗakinta ya hana ta barci, daga baya barcin ya ɗauke ta. Iyakar abin da ta sani ke nan. Ta wuce, manomi na biye da ita.

Ƙofar gidan ɗaya ce, kuma a bakinta Iya mai fura take zama tun hantsi har la'asar. Rabo ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambaye ta ko ta ga an fita da tsani.

Iya ta ajiye ludayi. Ta lissafa masa duk wanda ya shiga da wanda ya fita tun safe, da abin da kowa ke riƙe da shi, har da kazar da matar wani direba ta ɓoye cikin zane don Alhaji ya hana kiwo. Tsani dai bai wuce ta gabanta ba.

"Ba ki ɗan gyangyaɗa ba, Iya?"

"Ɗana, in na gyangyaɗa, wa za ya san abin da gidanga ke ciki?"

Sannan ta rage murya ta ce ya tambayi Ali tela. Satin da ya wuce, ruwan wanke-wanke ya zubo daga sama kan shaddar da ya shanya, ya tsaya tsakar gida ya rantse wata rana sai ya dafa shayi da tsanin nan.

Ɗakin Ali yana hawan tsakiya, taku biyar daga inda tsanin yake tsayawa. Rabo ya duba murhunsa, toka mai sanyi ce. Ya leƙa ƙarƙashin gado, ko da yake ya san tsani mai taki goma sha huɗu ba zai shiga nan ba.

"Ina kake daga sha biyu da rabi zuwa biyu?"

"Barci nake, ranka ya daɗe."

"Duka lokacin?"

"Ko motsi ban yi ba."

"To kekenka shi kaɗai yake ɗinki?"

Ali ya dubi keken kamar shi ya kai ƙararsa. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya zaro wata 'yar riga daga ƙasan tabarma. Uwargidan Alhaji ta kawo atamfa a yi mata ɗinki, ya ce mata yadin bai isa ba, ga shi kuwa ragowar ta isa rigar ɗiyarsa. Ya kulle ƙofa yana ɗinkawa kafin a tashi daga barcin rana. Ya roƙi Rabo don girman Allah kada maganar ta sauka ƙasa.

Rabo ya ce shi tsani ya zo nema. Ya ji wani abu ko bai ji ba?

Ali ya ce wajen ƙarfe ɗaya da rabi ya ji ana gurzar bango, ƙirrr, ƙirrr, har farar ƙasa ta zubo masa ta taga. Ya ɗauka mutanen sama ne ke jan gado kamar kullum, ya yi musu addu'ar da ya saba, ya ci gaba da ɗinki.

Rabo ya fito baranda. Ga ramuka biyu a siminti inda ƙafafun tsani suka ci shekara huɗu. Ya tsuguna. Ƙurar da ke kewaye da su ba ta nuna an ja komai ba, ba hagu ba dama. Ya miƙe ya ɗaga kai. A jikin bango, sama da inda hannun mutum zai kai, an kankare farar ƙasa layi biyu, kuma layukan sun tafi har bakin katangar sama.

Ya jima yana kallonsu. Sannan ya dubi igiyar, ya dubi cikinsa, ya ja numfashi ya ce a ƙara mutum biyu a kan huɗun nan.

Wannan karon ba wanda ya sunkuyar da kai. Duk Madawa ta kalli Sufeto Rabo yana hawa sama a kan guntun katako, yana juyawa a hankali kamar nama a tsinke, idanunsa a rufe, leɓɓansa na motsi. Mushe Takawa ne ya kamo ɗamararsa ya jawo shi ciki.

Saman gidan ɗaki uku ne a jere, da fili a gabansu. A ƙarshen filin akwai duro biyu na ruwa, tsakaninsu an baza shanya, bargo da zannuwan gado da wanduna, suna ɗiga.

Ya fara da Takawa. Malamin ya ji haushin tambayar ƙwarai. Ya ce shi da kullum sai ya huta sau biyu kafin ya gama hawan tsanin, ina ya ga ƙarfin ɗaga shi. Igiya kuwa, ya ce ba za ta ɗauki nauyinsa ba. Rabo ya dubi tafin hannunsa, taushi kamar na jariri, ba ko ƙwarzane. Ya bar shi.

Ɗakin Isaka fes yake. Akwatunan ƙarfe biyu a ɗaure da igiya, katifa a nannaɗe. Isaka ya ce an canza masa wurin aiki zuwa Bilma, can cikin hamada, yau ƙarfe uku kamiyon gwamnati, babbar motar kaya, zai tashi da shi. Daga tasha kuwa ana jin hon, direba ya gaji da jira.

"Ga igiya nan. Mi ya hana ka sauka?"

"Jiri, ranka ya daɗe. Tun ina ƙarami, in ƙafata ta bar ƙasa sai duniya ta juya."

"Amma kana hawan tsani kullum."

"Tsani daban ne. Tsani ba ya lilo."

Ya ce wallahi abin ya dame shi, ga shi an ce kamiyo na gaba sai bayan sati biyu. Yana maganar hannayensa duka biyu na cikin aljihu. Rabo ya tambaye shi ko ya gama haɗa kaya, ya ce tun jiya, ko allura bai bari ba.

Suka fito fili. Rabo ya tsaya gaban shanyar, ya matsa bakin bargo, ruwa ya zubo masa a takalmi.

"Wankin wa?"

"Na Madam Zalika ne, ina jin."

Mushe Takawa ya matso ya ɗaga wando ɗaya da yatsa biyu. Ya ce shekara uku yana maƙwabtaka da Madam, bai taɓa ganinta da wandon kaki ba, kuma bargon nan shi ya raka Isaka kasuwa suka saye shi.

"Malam Isaka," in ji Rabo, "mutumin da za ya hau mota ƙarfe uku, ƙarfe ɗaya da rabi yake jiƙa bargonsa? Fito da hannunka."

Tafin hannun duk sartsen giginya ne. Rabo ya yaye bargon. Ga tsani kwance a kan duro biyu, taki goma sha huɗu, ba wanda ya ɓace.

Takawa ya buɗe baki, Faransanci ya ƙi fitowa, Hausa ma ta ƙi. Tun ƙarfe biyu yake jingina da wannan shanya yana ihu a kawo tsani.

Isaka ya zauna a ƙasa. Bai ƙara musu ba. Ya ce tsohuwarsa tana wani ƙauye bayan Buza, idanunta sun tafi, kuma shi kaɗai ya rage mata. Kowace Asabar yana hawan keke ya je ya ɗebo mata ruwa, ya kai mata hatsi, ya kwana ya dawo. Daga Bilma kuwa, in mutum ya tafi, sai bayan shekara biyu ake ganinsa. Ya rubuta takardar roƙo zuwa Yamai, wani abokinsa a can ya aiko masa cewa amsa na tafe a motar wasiƙu ta ranar Alhamis. In ya ƙi hawan kamiyo a kore shi daga aiki. In ya hau, amsar ta same shi a tsakiyar rairayi. Sai ya ga in abin da ya fi ƙarfinsa ne ya hana shi sauka, ba mai ganin laifinsa.

"Matar da ke naƙuda fa?"

Isaka ya sunkuyar da kai. Ya ce bai sani ba. Da ya ga mijin a ƙasa ya tashi zai yaye bargon, sai ya leƙa ya ga mutum ɗari biyu, ya fasa.

Rabo ya ce masa da wani abu ya sami matar nan, da yau ba maganar Bilma ake ba. Bai ɗaga murya ba, amma Isaka ya fara hawaye. Suna haka muryar Iya ta taso daga ƙofa, tana gaya wa duk gidan, hawa uku a lokaci ɗaya, cewa an sauka lafiya, mace aka samu, uwa da ɗiya ƙalau.

Isaka da hannunsa ya zura tsanin ya mayar da shi cikin ramukansa. Takawa ya riga kowa sauka, ya huta sau biyu a hanya. Rabo ya sa Isaka a gaba, ya biyo shi.

A tsakar gida Alhaji Tukur na cewa a ɗaure shi shekara goma. Rabo ya ce alƙali ne zai faɗi wannan, shi dai zai rubuta a rahoto cewa mutum uku na kwana a saman gida ba matakala. Alhaji ya ce gobe-goben nan za a kawo siminti, ya kuma ce in an duba da kyau, Isaka ba mugun mutum ba ne.

Direban kamiyo ya kutso cikin taro, takarda a hannu. Ya ce an ba shi sunan fasinja, awa ɗaya ke nan yana jira, a ba shi mutuminsa ya kama hanya.

"Mutuminka yana hannun hukuma," in ji Rabo.

"Har yaushe?"

Rabo ya ɗaga kai ya dubi gidan daga ƙasa har sama. Ya ce ɗaki goma sha takwas ne, kowane sai an ɗauki jawabinsa, na Iya kaɗai zai ci yini guda, ga shi da yatsa biyu yake buga tafireta.

"Ba na jin za a gama kafin Alhamis da yamma."

Direba ya yi tsaki, ya ninke takardarsa ya tafi. Jim kaɗan aka ji kamiyo ya tashi, ƙararsa na yin nisa.

Rabo ya kama Isaka a damtse, suka nufi kwamisariya, taron na buɗe musu hanya. Sun yi taku kamar ashirin sai Rabo ya ga Isaka ya fara murmushi, ya matso kusa da kunnensa.

"Gyara fuskarka, malam. Kamamme kake, mutane na kallo."