Akuyar 'Yar Ƙamus

A Ruwan Bago akwai wata yarinya 'yar aji shida. Tana da ƙwaƙwalwa, wannan kam babu musu. Sai dai akwai ta da son a sani.

Yayanta da ke karatu a Kano ya bar mata wani tsohon ƙamus na Turanci. Shi ke nan fa! Kullum sai ta buɗe shi, ta nemo kalma mai tsawo, ta haddace. In kalma gajera ce, ko kallonta ba ta yi. Har 'yan ajinsu suka sa mata suna 'Yar Ƙamus. Ita kuwa daɗi take ji.

Malaminsu na Turanci, Malam Yusha'u, yana da wata al'ada. Kowace safiya yakan rubuta guntun magana a allo. Yau ya rubuta "I forgot to", wato na manta ban yi kaza ba. Gobe ya rubuta "too much", wato abu ya yi yawa. Jibi kuma "since morning", wato tun safe. Sai yara su zauna bibbiyu, wannan ya tambaya, wancan ya ƙarasa da abin da ya ga dama.

Yakan ce musu, "Kalmomin Turanci ba sa tafiya su kaɗai. Kowace tana da abokan tafiyarta. Ku koye su tare. Gobe sai ku cire kalma ɗaya, ku sa wata, kun sami sabuwar magana."

Abokiyar zaman yarinyar nan ita ce Sadiƙa. Kullum sai Sadiƙa ta juyo ta ce, "Zo mu yi namu mana."

Ita kuwa sai ta taɓe baki. "Wannan ai Turancin 'yan aji ɗaya ne. Ke dai yi kayanki."

Dole Sadiƙa ta riƙa matsawa bencin baya tana yi da wasu.

Wata rana Malam ya tsaya a kan 'Yar Ƙamus. Ya ce, "Ke ban taɓa jin bakinki da safe ba. Lafiya?"

Ta ce, "Malam, ai na wuce nan. Jiya ma na haddace kalma mai harafi goma sha biyu."

Malam ya yi murmushi. "Madalla. To, sa mana ita a magana mu ji."

Ta jujjuya ƙamus ɗinta. Can ta ce, "Sai gobe, Malam." Goben nan kuwa ba ta zo ba.

To, a gida yarinyar tana da jar akuya. Kakarta Inno ce ta ba ta tun tana ƙaramar 'yar akuya. Ita ke ba ta dusa, ita ke ɗebo mata harawa. Ga shi akuyar ta yi ciki, haihuwa yau ko gobe. Yarinyar tana son akuyar nan ƙwarai da gaske.

Ranar wata Asabar a lokacin kaka, Baba da Umma suka tafi gona tun da sassafe. Inno ta aiki yarinyar ɗakin ajiya ta ɗebo gero. Ta ɗebo, ta fito tana maimaita wata kalma a ranta, ta bar ƙofa a buɗe.

Kafin azahar sai ga akuya kwance a gindin dalbejiya. Cikinta ya kumbura tim. Tana nishi, tana cizon haƙora. Buhun gero kuwa an yi masa ɓarna.

Inno ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ke 'yar nan, akuyarki za ta mutu!"

Yarinyar ta fashe da kuka.

Allah ya taimaka, ranar ce likitar dabbobi ta zo daga Rogo yin rigakafi. 'Yar bautar ƙasa ce daga kudu, ba ta daɗe da zuwa ba. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Mai yi mata tafinta kuma ya tafi ta'aziyya Karaye. Wani maƙwabci ya kirawo ta, ta shigo da jakarta.

Inno ta ce, "Alhamdulillahi. Ai muna da Baturiya a gidan nan. Ke, share hawayenki, ki gaya mata komai."

Likita ta durƙusa, ta taɓa cikin akuya. Ta ɗago ta ce, "What happened?"

Yarinyar ta gane tambayar sarai. Me ya faru ake nufi. Ta buɗe baki ta ce, "Catastrophe!"

Likita ta dube ta.

Ta ƙara da, "Gigantic! Abdomen!"

Wato bala'i, ƙato, ciki. To, ai likita ma tana da ido, ta ga cikin ƙato ne. Abin da take so ta sani shi ne me akuya ta ci, kuma tun yaushe. Guba ce? Leda ce? Ko haihuwa ce ta zo da gardama? Kowanne da maganinsa, ba a yi da ka.

Likita ta sake tambaya a hankali. Yarinyar ta laluba kanta. Manyan kalmomi fal a ciki, amma ta rasa yadda za ta haɗa biyu su zama magana. Ko gero ma ba ta san sunansa da Turanci ba, don ba shi da tsawo.

Inno ta ce, "Wai me kike ta faɗa ne? Na ga baiwar Allah ba ta gane ba."

"Inno, ban iya ba," in ji ta. Kunya ta kama ta, ga tsoro.

Akuya ta yi wani kuka, ta miƙe ƙafafu.

Yarinyar ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta fita da gudu sai gidan su Sadiƙa. Ta same ta tana ɓarar gyaɗa.

"Sadiƙa, don Allah ki yi haƙuri da abin da nake miki. Akuyata za ta mutu. Zo ki yi wa likita magana."

Sadiƙa ta miƙe. Ta ture kwano, suka ruga tare. A hanya yarinyar ta gaya mata yadda aka yi.

Suna isa Sadiƙa ta gaida likita, ta ce, "She ate too much millet." Ta ci gero ya yi yawa, ke nan.

Likita ta ce, "Since when?" Wato tun yaushe.

Yarinyar ta ji maganar ta yi mata kama da wani abu. Ai wannan ce take ji ana rerawa a aji tana toshe kunne! Sai ta ce, "Since morning."

Likita ta gyaɗa kai, ta buɗe jaka nan take. Ta ce a kawo mai. Inno ta kawo man gyaɗa. Aka riƙe akuya, likita ta ɗura mata a hankali, ta haɗa da wani farin magani, ta yi mata allura. Ta ce a tashe ta tsaye, a riƙa shafa mata ciki.

Suka yi ta shafawa. Can sai akuya ta yi wata irin gyatsa mai ƙarfi. Inno ta toshe hanci ta ce, "Kai, wannan ko ni ban kai ta ba!" Kowa ya yi dariya. Ciki ya fara saɓewa.

Likita tana wanke hannu ta tambayi yadda akuya ta kai ga gero. Sadiƙa za ta amsa, yarinyar ta riƙe mata hannu. Ta tuna rubutun allo. Ta ce, "I forgot to close the door." Wato na manta ban rufe ƙofa ba.

Likita ta yi murmushi, ta dafa kafaɗarta. Wannan karon ta gane.

Ran Litinin Malam Yusha'u ya rubuta guntun maganarsa a allo. Kafin ya ajiye alli, yarinyar ta juya wajen Sadiƙa ta ce, "Zo mu yi namu."

Malam ya ɗaga gira. "A'a! Yau 'Yar Ƙamus ce da Turancin 'yan aji ɗaya?"

Ta sunkuyar da kai, ta ba shi labari duka.

Malam ya ce, "Kada ki yar da ƙamus ɗinki, yana da amfani. Amma ku duka ku ji. Ba don a burge mutane ake koyon harshe ba, don a fahimce ka ne. Ku koyi maganar yau da kullum, ku yi ta faɗarta da bakinku. Kuma kada ku raina darasi don kun ga yana da sauƙi."

Ba a daɗe ba akuya ta haifi 'yan biyu, mace da namiji, jajaye kamar uwarsu. Yarinyar ta roƙi Inno, Inno ta yarda. Da aka yaye su, ita da kanta ta ja macen da igiya har gidan su Sadiƙa.