Iskar da Ta Ɗauke Uwar Maƙera

A can da, an yi wani maƙeri, Jatau, mai cika baki: "Ni karta ba ta cina, kallo kawai nake yi."

Ran nan ya dawo gida ba hula. Matarsa Lantana ta tambaya, ya ce, "Iska ce ta ɗauke."

Washegari ya dawo ba riga. "Iska ce ta ɗauke."

Ranar kasuwa manoma suka kawo gyaran fartanya, sai ga maƙera wayam. Babu uwar maƙera, ƙarfen da sai ƙarti biyu ke ɗagawa. Jatau zai buɗe baki, Lantana ta zaro katin karta daga aljihun wandonsa.

"Maigida, iskar nan taka da tsirfa take! Ta ɗauke uwar maƙera, amma ta bar maka wannan ɗan kati?"