Takobin Marigayi a Kwalin Ƴar Haya

Da hantsi aka buga waya komisariya, ofishin ƴan sanda, cewa an yi sata a Filato. Insifekta Nassirou ya san unguwar: tsofaffin gidajen zamanin Turawa, inuwar dogon yaro, da masu gida waɗanda ba sa ba da haya sai sun san kakan mutum.

Mai gidan, Hajiya Halimatou, ta tare shi a gindin bene tana huci. Takobin mijinta marigayi ne ya ɓace, mai kuben azurfa, daga ɗakinsa da ke kulle a sama. An kuma same shi cikin kwalin sabuwar ƴar hayar benen, Madam Esta, ma'aikaciyar jinya ƴar Dogondutsi, wadda ko labule ba ta gama ratayawa ba.

"Wa ya gano shi a kwalin?"

"Boubacar, ɗan ƙanena. Ni na rene shi. Yau ɗin nan za ta kwashe kayanta."

Da suka hau sama, suka tarar da Esta na tsaye da rigar aiki, idanu jajur. "Insifekta, na daɗe ina neman gida kusa da asibiti. Ɗakin nan an ce kada in taɓa, ban taɓa ba. In aka kore ni da sunan sata, wa zai sake yarda in shiga ɗakin marar lafiya?"

Tausayinta ya kama Nassirou, amma tausayi ba ya shiga rahoto. Ya ƙudurta ba zai sauka daga benen ba sai da gaskiya.

Ya duba ƙofar ɗakin marigayin. Ba a ɓalle kwaɗon ba, da makulli aka buɗe.

Aka kira dillalin da ya haɗa hayar, Salisu, mai bakin da zai iya sayar wa ɗan Harobanda, unguwar bakin kogi, ruwan kogi.

"Makullai duk na miƙa wa Madam, wallahi."

"Har na ɗakin marigayi?"

Salisu ya sosa ƙeya. "To, wannan ɗin wani ya karɓa. Na manta ko wane ne."

"Za ka tuna a komisariya."

Nassirou ya tura ƙofar, ya tsaya daga baki. Ɗakin ya jima a rufe, ƙura ta kwanta a ƙasa kamar an shimfiɗa ta. Sawu ne a kai, daga ƙofa zuwa bangon da takobin yake, ya dawo. Sawun ƙato, kuma tsirarar ƙafa, yatsu ɓaro-ɓaro.

"Hajiya, ɓarawo yana tuɓe takalmi kafin ya yi sata?"

Hajiya ta leƙa. "Alhaji bai taɓa bari a shiga ɗakinsa da takalmi ba," ta ce a hankali. "A nan yake karatu. Yaran gidan nan duk sun sha rankwashi a kan haka."

Nassirou ya juya wajen Boubacar, wanda ke tsaye a gefe. "Cire takalminka, ka taka gefen wancan."

"Ni ban taɓa shiga ba tun rasuwar Baba."

"To ai ba abin tsoro. Taka."

Boubacar ya sunkuya kan igiyar takalminsa. Nan take Salisu ya tuna wanda ya karɓi makulli, tun ba a sake tambayarsa ba.

"Ni ne," in ji Boubacar, yana duban Hajiya. "Ba sayarwa zan yi ba. A benen nan na girma, Tanti. Na roƙe ki ki bar mini shi, kika ba baƙuwa. Na ce in aka kore ta, shi ke nan."

Aka sa masa ankwa, aka gangara da shi. Hajiya ta bi su da ido har mota, sannan ta kama hannun Esta.

"Ƴata, ki yafe mini. Ki yi zamanki."

"Zan zauna, Hajiya," in ji Esta. "Amma a ƙofar gida kika kira ni ɓarauniya, maƙwabta suna ji. Mu sauka, a can za ki faɗa."