Wa Ya Buɗe Sakamakon Esinam?

Insifekta Dedei Quaye ba ta gama cin dokununta, tuwon masarar Accra, ba aka shigo da wata budurwa, Esinam, idanunta jajur. Sakamakon gwajin jininta, wanda wani asibiti a unguwar Osu ya kulle a shafinsa na intanet, ya bazu a wayoyin 'yan cocinsu. Saurayinta har ya fasa auren.

Dedei ta ture kwanon, ta fita.

Wanda ya gina wa asibitin shafin, Fiifi, sai gumi yake.

"Madam, na rantse ban taɓa ganin makullin ba! Manhajar kullewar ta wani kamfani ce a Adabraka. Ka ce kulle, ta kulle. Mai saƙo ya ce buɗe, ta buɗe. Shi ke nan."

Cunkoson motocin Accra ya ishi Dedei, ta sauka ta ƙarasa kamfanin a ƙafa. Mutum biyu ne kamfanin: Selorm, wadda ta rubuta manhajar, da abokin aikinta Ekow, wanda ya fita cin abinci.

"Da gangan na ɓoye makullin," in ji Selorm. "Masu gina shafi kullum cikin sauri suke. Ka ba su zaɓi goma, marar kyau za su ɗauka. Umarni biyu kawai na bar musu."

"Nuna mini."

Selorm ta juyo da kwamfutar, sai hannunta ya tsaya cak.

"Umarnin uku ne. Ga wani da ke ajiye kwafin makulli. Ba ni na sa ba."

"Sau nawa aka yi aiki da shi?"

Ta duba. "Sau ɗaya tak."

Dedei ta yi ta safa da marwa har Ekow ya shigo yana sakace.

"Oh, wannan? Masu saye ne suka roƙa, Madam. Suna yawan ɓatar da makulli, na sauƙaƙa musu."

"Wane mai saye?"

"Suna da yawa."

"Kira mini ɗaya yanzu."

Ya lalubi aljihu, ya fasa. "Haba, Madam! Ni fa ko sanin Esinam ɗin nan ban yi ba."

Dedei ta dubi Selorm. "Na ambaci suna tunda na shigo?"

"Ko sau ɗaya."

Ekow ya zauna daɓas a kujera. Can ya ce, "Ni na fara nemanta. Ta bar ni ta koma wa wancan. So nake kawai in ga abin da take ɓoyewa. Da na gani, zuciya ta ɗebe ni."

"Bra Ekow, ɗan'uwana," in ji Selorm, "mutane sun ba mu amanar sirrinsu!"

Dedei ta ɗaura masa ankwa, ta tasa ƙeyarsa. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Asibiti nawa ke aiki da manhajar nan?"

Selorm ba ta ɗago ba. Ta riga ta fara kiran su ɗaya bayan ɗaya.